Abin da Ke Cikin Gyatuma

Minti arba'in da bakwai Gyatuma take ɗauka kafin ta buɗe, in wuta ba ta ɗauke ba kuma babu wanda ya yi tari kusa da kwamfuta.

Gyatuma ba mutum ba ce. Fayil ce, wadda ofishin zanen gine-ginen nan na saman kantin tayil yake fara kowane sabon aiki da ita. A wuraren da ake aiki da hankali, irin wannan fayil da ake kira tamfilet abu ne mara nauyi: 'yan nau'o'in bango, ƙofa biyu ko uku, taga, salon rubutu, da kan takarda mai sunan ofis. Ka buɗe, ka zana gininka, ka tashi. Ban da nan. A nan shekara goma sha tara ke nan ana abu guda. In sabon aiki ya zo, sai a kwafi wanda aka gama jiya, a sake masa suna, a ɓoye tsohon ginin da ke ciki, a zana sabo a kansa. Ɓoyewa ake yi, ba gogewa ba. Saboda haka duk ginin da ofishin ya taɓa zanawa yana nan kwance a cikin na yau, ido ba ya ganinsa, amma kwamfuta tana ɗauke da shi a ka tana nishi.

Abin da ya fi ban haushi shi ne babu wanda abin yake ba haushi. Kowa ya yi wa minti arba'in da bakwai ɗin nan gurbi a rayuwarsa. Sakatariya takan danna fayil ta kai 'ya'yanta makaranta ta dawo. Yallaɓai, mai ofishin, a ciki yake aski ranar Litinin. Shi kuwa babban mai zane, dattijon da ake kira Baba Kar-a-taɓa saboda kalmar da ta fi yawa a bakinsa, yakan dafa shayi, ya sha, ya wanke kofi, ya jingina da kujera yana kallon 'yar da'irar nan mai juyawa a allo kamar mai kallon jikansa yana rarrafe.

Wata bakwai da suka wuce aka ɗauki wata matashiya aiki. A satinta na farko ta ambaci abin da aka koya musu a jami'a har sau huɗu, shi ke nan suna ya bi ta: Digiri. A sati na biyu ta rubuta takarda mai shafi uku kan yadda za a rage wa Gyatuma ƙiba. Ba ta ce a ƙone komai ba. Cewa ta yi a bar abin da kowane aiki yake bukata kawai a cikin tamfilet, sauran a kwashe a kai wani sito na daban, wanda ya so ƙofar otal ya je can ya ɗauko. Yallaɓai ya karanta, ya yaba da yadda ta jera maganarta, ya ce za a duba. Takardar tana nan a ƙarƙashin ƙafar teburinsa ta hagu, wadda da ma ta fi sauran gajarta.

Da a nan abin ya tsaya, da ba a sami labari ba. Sai ga maganar filin Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifin Digiri ce, ungozoma, ta yi shekara talatin da biyu tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya. Ita ta karɓi haihuwar Digiri ma, kuma ba ta bari a manta. An ba ta wani ɗan fili a bayan tashar mota, tana so ta gina ƙaramin gidan haihuwa: ɗakin naƙuda, ɗakin hutu, wurin awo, ɗakin magani, da banɗaki biyu. Takardar filin ta ce in shekara biyu ta cika ba a miƙa zanen gini ga ofishin ba da izini ba, za a karɓe filin a ba wani. Gwaggo ta adana takardar nan adanawa mai kyau, har sai da ta manta inda take. Da ta tono ta daga ƙasan akwati, saura sati uku. Wa'adin zai cika ranar Alhamis, ƙarfe goma sha biyun rana.

Digiri ta roƙi Yallaɓai, ya yarda a yi aikin a ofis, da sharaɗin a fara shi daga Gyatuma kamar kowane aiki. Ta cije ta zana. Ranar Litinin ta gama, ta buga takardu, ta haɗa da jerin ƙofofi da manhajar zanen take fitarwa da kanta, ta aika wa Gwaggo ba tare da ta duba jerin ba. Wannan laifinta ne, kuma ta amsa shi.

Ranar Laraba da safe Gwaggo ta hawo bene tana haki, kafintanta yana biye, fuskarsa sai ƙyalli take kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ajiye takardu a teburin Digiri, ya gaishe ta da ladabin da bai taɓa yi mata ba, ya ce ya zo ne kawai ya ji daga bakinta, don ya riga ya aika a kira ƙannensa biyu da surukinsa su zo su taya shi.

"Taya ka me?" in ji Digiri.

"Ƙofofin, ranki ya daɗe. Ɗari shida da talatin da takwas. Ni dai ɗaya ce ta ɗaure mini kai, mai juyawar nan ta gilashi. Sai kuma ta ɗakin sanyi, mai kaurin taƙi guda."

Gwaggo ta zauna ta cire takalmi ɗaya. Ta ce ita ma ta ƙirga ɗakunanta da yatsu tun daga gida, ta sake ƙirgawa a mota, ƙofa bakwai take samu. "Auta," ta ce, don sunan da take kiran Digiri ke nan, "ko kowane jariri da ƙofar da zai fita ne? Faɗa mini in sani. Ni a zamaninmu guda ɗaya ce take isar kowa."

Digiri ta jawo takardun gabanta. Ta san abin da ya faru tun kafin ta duba. Manhaja ba ta san ɓoye ba. In ka ce ta ƙirga ƙofofi, duk ƙofar da ke cikin fayil za ta ƙirgo, ta fili da ta bayan labule, har da na ginin da aka rushe shekara goma da suka wuce. Ta juya ta tambayi Baba Kar-a-taɓa yadda suke yi a sauran ayyuka. Ya ce ai ba a aika jerin manhaja. Shi yake bin zane da fensir ya ƙirga ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta da hannu, Sakatariya ta buga. Ya faɗi haka ne da alfahari, kamar mutumin da ya sayi mota ya gano cewa turawa ta fi sauƙi.

Digiri ta koma kan kwamfutarta. Wani tsoro ne ya taso mata. Ta buɗe shafin ofishin ba da izini ta karanta sharuɗɗan da kyau. Ba sa karɓar takarda, ba sa karɓar hoto, sai fayil ɗin aikin kansa, kuma kada nauyinsa ya wuce megabait ashirin. Tsarin sabo ne, watan jiya aka fara shi, ofishinsu bai taɓa miƙa aiki ta nan ba. Ta duba nauyin gidan haihuwar Gwaggo. Megabait dubu ɗaya da ɗari huɗu.

Ta shiga ofishin Yallaɓai ba sallama. Ta ce ko dai a goge tarkacen da ke cikin fayil ɗin yau, ko kuma gobe Gwaggo ta rasa fili. Yallaɓai mutum ne mai son zaman lafiya, irin wanda yake ganin kowace matsala in aka ba ta kujera za ta gaji ta tafi. Ya kira Baba. Baba ya ce shi dai kar a taɓa, don ba a san abin da yake riƙe da wani abu ba. Digiri ta ce a kwafi Gyatuma dungurungum a ajiye a gefe, babu abin da zai ɓata. Baba ya ce kwafi ai ba ita ba ce. Yallaɓai ya kalli silin, can ya fito da hukuncin da ya ga ya yi wa kowa adalci: za a goge, amma duk abin da za a goge sai an kawo shi gabansa, an ji ta bakin mai ƙara da mai kariya.

Da rana aka taru a ɗakin taro. Gwaggo ta ce ba inda za ta, filinta ne. Kafinta ma ya zauna a bakin ƙofa, yana fatan ko za a bar masa ɗari biyu daga ciki. Digiri ta jona kwamfuta da babban allo, gidan haihuwar ya fito tsaf, ɗan ƙarami, da barandarsa. Sannan ta danna umarnin da shekara goma sha tara ba wanda ya danna: a nuna duk abin da aka ɓoye.

Fankar kwamfutar ta yi ƙara kamar injin niƙa. Allon ya yi fari, ya yi baƙi, sannan abin ya bayyana.

Gidan haihuwar Gwaggo yana maƙale a cikin wani otal mai hawa tara. Gidan mai ya ratsa ta tsakiyarsa, famfo biyu suna tsaye a ɗakin naƙuda, ɗaya a kowane gefen gado. Wurin awo yana cikin kwamin ninƙaya. Akwai kejin kaji dubu biyar, da rabin makarantar firamare, da motocin bas goma sha ɗaya jere a sararin sama, da wani mutum na roba, irin wanda ake sakawa don a nuna tsayin gini, an kwafe shi sau tamanin yana tsaye a wuri guda da jakarsa. Daga ɗakin magani kuma wani dogon wuya ya fasa rufi ya yi sama.

"Wancan fa?" in ji Gwaggo.

Yallaɓai ya gyara tabarau, murya ta yi masa laushi. Ya ce raƙumin dawa ne. Sun taɓa neman aikin gidan namun daji, ba su samu ba, amma kowa ya yaba raƙumin.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta ce ta ga ciki iri-iri a rayuwarta, na 'yan biyu, na 'yan uku, har na wata da ta zo da huɗu, amma ba ta taɓa ganin wanda aka bari ya kai shekara goma sha tara ba. Ta ce da asibiti aka kawo mata wannan, ba za ta tsaya tambayar dangi ba.

Aka fara shari'a. Abu na farko kejin kaji. Digiri ta ce a goge. Baba ya ce mai kajin yana da ɗa, ɗan zai iya girma ya so kaji. Aka yi minti ashirin, aka goge kajin aka bar kejin. Na biyu salon rubutu ɗari biyu da goma sha biyu, waɗanda ake amfani da biyu daga ciki. Yallaɓai ya ce a nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani mai lanƙwasa ya ce da shi aka buga katin bikin ƙanwarsa. Aka zo kan rukunan zane, inda aka sami ɗaya mai suna Sabo, da Sabo Na Gaske, da Sabo Na Ƙarshe, da Na Ƙarshe Wallahi, da Kar A Taɓa har guda shida. Babu wanda ya san abin da ke cikinsu, kuma wannan rashin sanin shi Baba ya kafa hujja da shi. Sakatariya ba ta kare komai ba sai lokacin kanta. Ta tambaya a hankali, in fayil ya koma buɗewa nan take, wa zai kai mata yara makaranta.

Ƙarfe biyar aka tashi. An yanke hukunci a kan abu goma sha huɗu, an goge biyar, an ɗage raƙumin dawa zuwa wani zama. Manhaja ta nuna saura abu dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. Yallaɓai ya ce an yi ƙoƙari, gobe a ɗora daga na goma sha biyar.

A bakin bene Gwaggo ta riƙe hannun Digiri. Ba ta yi wasa ba wannan karon. Ta ce matan bayan tasha sai sun hau mota biyu kafin su kai asibiti, ta san uku da suka haihu a hanya bara. Ta ce ba ta iya kwamfuta ba, ita dai ta san gobe sha biyu.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai da rabi Digiri ta danna fayil. Takwas da minti goma sha bakwai ya buɗe. Ta kwafi Gyatuma da gidan Gwaggo a cikinta ta ajiye a gefe, ta zauna jiran Yallaɓai. Gwaggo ta iso, Baba ya iso ya ɗora ruwan shayi. Yallaɓai bai shigo ba sai tara da rabi, kuma da shigowarsa ya ce ya kwana yana tunanin kejin nan, yana ganin an yi gaggawar goge kajin.

Nan haƙurin Digiri ya ƙare. Ta juya ga allo, ta zaɓi duk abin da ba na Gwaggo ba, otal da benayensa, gidan mai, bas, makaranta, mutumin roba da 'yan'uwansa saba'in da tara, ta danna gogewa. Manhajar ta fito da gargaɗi mai tsawo. Wata bakwai tana ganin gargaɗin ƙarya a fayil ɗin nan, ɗari uku kowace safiya, saboda haka ba ta karanta ba. Ta danna maɓallin yarda.

Minti ashirin kwamfutar tana aiki. Baba ya tsaya a bayanta da kofi a hannu, bai kurɓa ba. Ƙarfe goma daidai allon ya washe.

Fari fat. Babu otal, babu raƙumi, babu gidan haihuwa.

Digiri ta matsa gaba, ta ja baya, ta juya zanen sama da ƙasa. Ba komai. Sai a lokacin ta gane. A manhajar nan kowane bango sai an ɗora shi a kan wani hawa, kuma hawan da Gyatuma take miƙo wa mai zane tun farko, wanda wani ya sake wa suna ya kira shi Ƙasa, hawa na uku ne na otal ɗin. Shekara da shekaru duk gidan da ofishin ya zana a bene na uku na otal yake zaune. Ta rushe otal, gidan Gwaggo ya bi shi.

Ta danna maɓallin komawa baya. 'Yar da'irar ta fito ta fara juyawa, ta juya, ta tsaya cak. Kwamfutar ta sandare.

"Auta," in ji Gwaggo, "ina asibitina?"

Digiri ta duba agogo. Ta yi lissafi a zuci. In ta kashe kwamfuta ta buɗe kwafin, sha ɗaya saura ta yi, kuma za ta koma inda take jiya, da kaya dubu goma sha ɗaya da ba ta san wanne yake riƙe da wanne ba. Ta jira Baba ya ce ai ya faɗa. Da ya faɗa, da ta ji sauƙi, don da ta sami wanda za ta yi wa faɗa.

Bai faɗa ba. Ya ajiye kofi, ya jawo kujera, ya zauna a gefenta. Ya ce a shekararsa ta farko da kwamfuta ya taɓa share wani zane don ya yi kyau, ya goge wasu layuka da ya ɗauka tarkace ne. Matattakalar bene ce. Babu wanda ya lura, magina suka bi takarda, aka gina gida mai hawa biyu ba hanyar hawa. Mai gidan mutum ne mai haƙuri, ya sayi tsani. Har yau in Baba ya bi ta layin yakan gan shi yana hawa da ledar cefane a baki.

"Tun ranar ban sake goge ko ɗigo ba, 'yata," ya ce.

Gwaggo ta ce Allah sarki, ta tambaya matar gidan fa. Baba ya ce tana ƙasa, shekara goma sha takwas ba ta ga ɗakinta ba.

Digiri ta so ta ce maganin wannan shi ne a duba zane kafin a fitar, ba a tara juji ba. Maganar gaskiya ce, amma agogo ya ce goma da minti ashirin, kuma ita ce ta aika ƙofofi ɗari shida ba ta duba ba. Ta haɗiye. Ta cire wayar kwamfutar daga bango ta mayar, ta kunna, ta buɗe manhajar ba tare da Gyatuma ba, fayil sabo fil wanda babu komai a ciki.

Ya buɗe kafin ta ɗauke yatsa daga linzamin kwamfutar. Sakatariya, wadda ta riga ta rataya jaka bisa sabo, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ba ta san inda za ta ba.

"Baba, takardun da na buga ranar Litinin suna wurin Gwaggo. Kai ka karanto awo, ni in zana."

Gwaggo ta zaro su daga jaka, sun ɗan sha man shafawa a gefe. Baba ya shimfiɗa su, ya sa tabarau, ya zaro fensir daga bayan kunne. Nan aka ga abin da shekara goma sha tara na jira suka binne. Mutumin nan ya san zane kamar tafin hannunsa. Ba ya karanto lamba ɗaya ɗaya, ɗaki guda yake ba ta a numfashi ɗaya, tsawo da faɗi da kaurin bango da inda taga za ta zauna, kuma tana gama wannan ya riga ya shirya na gaba. Ta kafa hawa ɗaya, ta kira shi Ƙasa, kuma ƙasar ce. Bango iri biyu, na waje da na ciki. Ƙofa iri biyu, mai faɗi don gadon mai naƙuda, da ta kullum. Taga iri ɗaya. Salon rubutu ɗaya. Duk abin da ta danna, nan take yake faruwa, har ta riƙa tsorata.

Yallaɓai ya yi ta zagaya su yana neman abin yi. Ya tambaya ko a ɗauko 'yan itatuwa daga Gyatuma a yi wa baranda ado, akwai iri casa'in. Gwaggo ta ce ya zauna, ta ba shi jakarta ya riƙe, kamar yadda take yi wa mazajen da suke hana ta aiki a bakin ɗakin haihuwa. Ya zauna ya riƙe.

Sha ɗaya da rabi gajiya ta kama Digiri, ta kasa kama kusurwar rufi. Baba ya ce ta tashi ta sha ruwa, shi zai ƙarasa rufin da rubuce-rubucen awo. Ta ba shi kujera. Ta je ta wanke fuska, ta buɗe shafin ofishin izini a kwamfutar Sakatariya ta cike sunan Gwaggo da lambar fili. Da ta dawo, sha biyu saura kwata, ya gama. Ta duba nauyi: megabait uku. Ta fitar da jerin ƙofofi: bakwai. Wannan karon ta ce sai ta bi zanen ɗaki ɗaki kafin ya fita, ko da saura minti ɗaya.

A ƙarshen baranda ta ci karo da ita. Matattakala, mai taka goma sha huɗu, da ɗan wurin hutawa a tsakiya, ta tashi daga ƙasa ta je ta tsaya a jikin rufi. Gidan hawa ɗaya ne. Babu inda take zuwa.

"Baba."

Bai ɗago ba. Ya ce hannunsa ne ya yi, shi ma sai gani ya yi. Ya ce ya san ba ta da aiki, amma ya kasa barin gini ya fita daga hannunsa babu ita. In ta ga dama ta goge, ba zai ce komai ba, sai dai zai fita waje tukuna.

Digiri ta zaɓi matattakalar, ta yi shuɗi a allo. Yatsanta yana kan maɓalli. Wannan ba ta riƙe da komai, ta duba, ta sake dubawa. Wata bakwai take jiran ranar da za ta goge abu a ofishin nan ba tare da shari'a ba.

Gwaggo ta matso da fuskarta dab da allo ta tambaya mene ne wannan mai haƙora. Aka gaya mata. Ta tambaya taka nawa. Aka ce goma sha huɗu.

"Bar mini ita," ta ce. "Mace in naƙuda ta tsaya mata, me kike tsammani muke sa ta yi? A asibiti sai mun kai su benen ofishin manya suna hawa suna sauka, masu gadi suna korarmu. Ga tawa har gida. In ba ta zuwa ko'ina ma ya fi, ba wadda za ta gudu."

Digiri ta kalli Gwaggo, ta kalli agogo. Abin da yake da aiki ba tarkace ba ne, ko da ta bayan gida ya shigo. Ta ɗauke yatsa. Ta rubuta a jikin matattakalar, da salon rubutun nan guda ɗaya, Wurin Motsa Jiki, ta adana, ta ɗora fayil ɗin a shafin.

Sha biyu saura minti bakwai shafin ya ce an karɓa, ya fito da takardar shaida mai lamba. Sakatariya ta buga ta. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta sa Digiri ta karanta mata lambar filin sau biyu, ta sa Baba ya sake karantawa don ta ce idon yaran yanzu sauri gare shi. Sannan ta amshi jakarta daga hannun Yallaɓai, ta juya ga Baba ta ce tana da gyara ɗaya. Ƙarfen da ya sa wa matattakalar don dafawa siriri ne. Ta ce bai san ƙarfin mace mai naƙuda ba, ta ga wadda ta lanƙwasa ƙafar gado.

Baba ya tambaya kaurin nawa take so. Gwaggo ta kama damtsensa ta matse, don ya ji da kansa. Ya yi wata 'yar ƙara, ya jawo takarda da hannun da ya rage masa, ya rubuta inci biyu, gefe da gefe.